Ɗoɗɗoyar Mama Lajwanti

Shekara goma sha ɗaya ina ban ruwa
a wani gida mai jan ƙyaure a Bompai.
Kafin ladan ya gyara murya ta yi wanka.
Ina alwala a bakin famfo
sai in ji 'yar ƙararrawarta,
kamar cokali ya taɓa kofin shayi.

Akwai wani tsiro a tsakar gidan, cikin tukunyar siminti.
Na ce ɗoɗɗoya ce, irin ta bayan ɗakin kakata a Gezawa.
Ta ce sunanta tulsi.
Muka yi musu har na gaji,
na bar wa mai gida sunan kayanta.

Ita ke ba ta ruwa da kanta, da butar tagulla,
ƙafa ba takalmi, bakinta yana motsi.
Ni kuwa mangwaro da ciyawa da furen kallo,
in tsinko mata masu ruwan ɗorawa guda bakwai
in ajiye a faranti, in juya.
Ban taɓa tsallake dokin ƙofar ɗakin ba.
Ba ta taɓa cewa in shigo ba.

Carbinta ɗari da takwas.
Nawa bai kai ɗari ba, saura ɗaya.
Mun taɓa ƙirgawa a kan benci, muka yi dariya,
kowa ya mayar da nasa aljihu.

Abin da ya tsaya mini a rai ba fitilar ba ce.
Yadda take tsince shinkafa ne.
Ƙwaya ƙwaya, kamar za a tambaye ta lissafi.
Na ce, Mama, ai ga 'yar aiki.
Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi,
Sallau, baƙo babba zai ci.
Na duba ƙofa, ba kowa.
Haka take shara, haka take ninke zane,
haka take biyan mai kayan miya ba ragin sisi,
ta ce duk na Krishna ne, ita aike kawai aka yi mata.

Da injinan mijinta suka yi shiru a Sharaɗa
aka sayar da mota ɗaya, sannan ta biyu,
na zuba ido in ga ranar da ƙararrawa za ta makara.
Ban gani ba.
Ranar da aka dawo daga ƙona shi ma
ta tsince shinkafarta, hannu yana rawa,
ƙwaya ƙwaya.

Addininta nata, nawa nawa,
kuma ban taɓa jin ƙafata ta zame ba.
Amma na koma gida Dakata wani dare
na tuna sallolin da na yi kamar kaza tana tsattsagar dawa,
da tiyon da nake jefarwa cikin ciyawa in tafi hira.
Tun ina yaro malam ya gaya mana niyya ce uwar aiki.
Sai da wata tsohuwar Ba'indiya ta tsince shinkafa a gabana
karatun ya zauna.

Bara gwiwa ta ƙi.
Ɗanta ya zo daga Mumbai da keken guragu da tikiti biyu.
Ta naɗe abin bautarta a farin ƙyalle, ta sa a jakar hannu.
Tukunyar siminti ba ta shiga jirgi.
Ta ce, ban ce ka yi mata komai ba,
ruwa kawai.

Yanzu tana ƙofar ɗakina, kusa da randa.
Matata kan tsinki ganye biyu idan yaro yana mura.
Ina idar da asuba in ɗauki buta,
in ce bismillahi,
in zuba a hankali, har ƙasa ta daina sha.